Yadda Ake Shirya Tafiya Yankari

Jama'a sun sha tambayata yadda ake zuwa gandun dajin Yankari da ke Alƙaleri a jihar Bauchi. Ga matakan:

1. Zaɓi lokacin rani, musamman Fabrairu zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji neman ruwa, nan ake fi ganin giwaye.

2. Tambayi mutanen Bauchi halin da hanya take ciki kafin ranar tafiya.

3. Kama ɗaki a sansanin Wikki tun da wuri, musamman lokacin Sallah.

4. Kai motarka wurin makanike, a duba har tayar safaya.

5. Cika tanki a garin Bauchi.

6. Riƙe tsabar kuɗi. Hattara: sabis na waya yakan ɗauke a cikin daji, tiransifa ba abin dogaro ba ne.

7. Tashi da sassafe, bi hanyar Gombe, ka karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita sama da 40 kafin Wikki, kada dare ya riske ka.

8. Rufe ƙofa da tagogi da zarar ka sauke kaya. A nan mutane ke yin sakaci. Gwaggon biri yakan fizge ledar burodi a hannunka, ya haye rufin ɗaki yana ci kana kallo.

9. Shiga daji da ɗan rakiya kawai, kada ka sauka daga mota sai ya ce.

10. Ajiye wanka a ruwan ɗumin Wikki sai da yamma. Ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, ga shi garau har yashin ƙasa kana gani.