Kurakuran da aka fi yi wajen sayen mota, da yadda za a kauce musu

Yawancin masu sayen mota a Najeriya ta hannu suke saya, ko dai wadda aka shigo da ita daga waje, wadda ake kira tokumbo ko Beljiyam, ko kuma wadda wani ya riga ya mora a gida. Kuskuren da ya fi cin mutane yana faruwa ne tun kafin a je wurin dillali: mutum ya ƙirga abin da ke hannunsa, ya ce "ina da miliyan kaza," ya fita neman motar da ta kai daidai wannan kuɗin. Ranar da ya biya, aljihunsa ya koma fayau, alhali ranar ce kashe kuɗi ke farawa.

Motar da ta fito daga hannun wani sai an yi mata hidimar farko, ko da mai ita ya rantse jiya aka yi sabis. Za a juye baƙin mai a sa sabo da filta, a duba man giya da man birki, a canza fulogi idan sun ci, a wanke lagireto. Sau da yawa batir ya gaji, tayoyi biyu ko duka huɗun na neman canji. Ga la'adar dillali, ga rajista da lamba, ga inshora, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun watan Janairun 2023. Shawarar da ta fi aminci ita ce a raba kuɗin gida biyar, a nemi motar da ba ta wuce huɗu ba, a bar kashi ɗaya don waɗannan. Wanda ke da miliyan 10, motar miliyan 8 zai nema. Idan ragowar ba ta ƙare a hidimar farko ba, ta zama ajiyar gyaran da zai taso cikin watanni shidan farko, kuma da wuya bai taso ba.

Sayen mota don ido, ba don aiki ba

Kafin a ambaci sunan kowace mota, a amsa tambayoyi uku: kilomita nawa za ta riƙa yi a rana, a kan wace irin hanya, da mutum nawa a ciki? Ma'aikacin da zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce da kai yara makaranta ba ya buƙatar jif mai silinda shida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafin ya daina zama abin wasa. A ɗauka mutum yana yin kilomita 1,000 a wata. Ƙaramar mota mai inji 1.8, irin Corolla, tana shan kimanin lita 9 a kowace kilomita 100 a cikin gari, wato lita 90 a wata. Babbar jif mai V6 tana iya shan lita 15, wato 150. Bambancin lita 60 ne a wata, lita 720 a shekara. A ninka da farashin lita a gidan man unguwarku, za a ga dalilin da ya sa manyan motoci da yawa suke kwance a ƙofar gida an lulluɓe su da tamfol.

Akwai kuma akasin haka. Wanda ke shiga ƙauye kowane mako, ko yake bin hanyar gona da damina, idan ya sayi mota mai ƙasa-ƙasa don tsimin mai, abin da ya tsimi a fetur zai biya shi a shokozoba da salansa da kaskon baƙin mai da dutse ya fasa. Shi tsayin mota daga ƙasa ya fi masa komai muhimmanci. Mai iyali takwas kuwa gara ya nemi mai kujera layi uku, irin Sienna ko Sharon, da ya riƙa cusa yara a bayan ƙaramar mota.

Sai batun kayan gyara, wanda masu sayen motar farko suka fi mantawa da shi. Kafin a biya, a je kasuwar kayan mota, Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko wadda ke kusa, a tambayi kuɗin abu biyar na wannan samfurin: fitilar gaba, famfon mai, shokozoba, akwatin giya da inji. Idan 'yan kasuwa suka fara cewa "sai dai a yi maka oda daga Legas," to ka san abin da ke jiranka. Toyota da Honda da Peugeot 406 da Golf sun yi yawa a Arewa ne saboda duk garin da ka tsaya akwai bakaniken da ya san cikinsu. Motar da ta yi araha fiye da sa'o'inta a kasuwa, sau da yawa rashin kayan gyara ne ya karya mata farashi. Araha ba ta ado.

Kowane samfuri kuma yana da ciwon da aka san shi da shi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san wasunsu da shan baƙin mai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana son a riƙa lura da boljoyin na ƙasa, domin idan ya ci a kan hanya mai ramuka ƙafar gaba na iya ficewa. Motocin da ke da giya irin CVT, kamar Nissan da yawa, suna da man giyarsu na musamman, kuma idan aka zuba musu na atomatik na gama-gari giyar ba ta daɗewa. Wannan bai hana a saye su ba, sai dai a san inda za a duba.

Dubawa a gurguje

Nan ne aka fi tafka asara. Mutum ya zo da yamma, an wanke mota tana ƙyalli, an riga an tayar da inji ya yi zafi, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ji sanyin esi, ya ba da kafin alƙalami. Kada a duba mota da dare ko cikin ruwan sama, kuma kada bakaniken da zai duba ya zama wanda dillali ya kawo. Ka zo da naka, ka biya shi kuɗin aikinsa, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba zai karɓi haƙƙinsa, don kada ya haɗa baki da mai sayarwa a kan la'ada.

A nemi ganin motar da safe, injin a sanyaye. Ɗora hannu a kan bonet ya isa a gane ko an riga an ɗuma ta. Injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa: ƙarar ƙwanƙwasa, jinkirin kamawa, hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar injin na ƙona baƙin mai ne. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga silinda, galibi gasket ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ke yin yawa. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a duba cikinsa: idan akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. A duba ruwan lagireto ko akwai maiƙo a samansa. A kuma tambaya ko an cire tamostat ko an haɗa fanka kai tsaye, domin wasu kanikawa na yin haka don ɓoye matsalar zafi maimakon gyara ta.

Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, duk fitilun gargaɗi na dashbod su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar inji ko ta jakar iska da ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Shi ya sa sai an sa na'urar sikanin, wadda ke karanto matsalolin da ke cikin kwamfutar motar. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari, kuma kuɗin sikanin bai taka kara ya karya ba. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar ba a cire abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi ba, domin ana yanke shi a sayar, kuma rashinsa na kunna fitilar inji ya sa hayaƙin motar ya yi wari.

Motocin Amurka da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ake sayo su, a gyara a nan. Ta haɗari ana gane ta da ratar ƙofofi da bonet da ba ta daidaita ba, da bambancin launin fenti a hasken rana, da sabuwar walda a shasi. Ƙaramin maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike da ƙullin gyaran bodi. Ta ambaliya ta fi haɗari, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa, kuma kai da mai gyaran wayoyin mota kun ƙulla zumunci ke nan. A ɗaga kafet, a shinshina, a duba tsatsa a ƙarafan da ke ƙarƙashin kujera, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai tabon laka. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda ke jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ana iya bincika tarihinta a intanet ta Carfax da makamantansa, har a ga hotunan motar a ranar gwanjo.

Kada a gaskata mitar da ke ƙirga nisan tafiya ita kaɗai, ana juya ta baya. A gwada abin da ta nuna da yadda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka suɗe. A kuma tuna mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 100,000 kuwa kimanin kilomita 160,000 ne. Tayoyi na ɗauke da ranar ƙira a gefensu, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Sannan a tuƙa ta aƙalla minti ashirin, a cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi, da esi a kunne, ido na kan allurar zafi. Giyar atomatik da ke fizga ko jinkirin shiga, ko man giya da ya yi baƙi yana warin ƙuna, gyara ne mai tsada. Mai motar da ya hana a tuƙa ko a kai ta gareji, a bar masa abarsa.

Takardu

Mota mai lafiya da takardun bogi ta fi mara lafiya zama bala'i. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba a daina satar hanya da su ba, kuma jami'an kwastam na kama wadda ba a biya mata haraji ba ko da ta shekara a hannunka. A karɓi takardun kwastam, a kai ofishinsu a tantance kafin a biya, ba bayan an biya ba. Lambar shasin da ke takarda ta zo daidai da ta jikin mota harafi da harafi. Idan motar gida ce, a ga takardar mallaka da lasisin mota da sunan mai sayarwa, a ga katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, a biya ta banki don a samu hujja. Bayan haka a yi canjin suna da wuri. Masu barin mota da sunan tsohon mai ita suna shan wahala ranar da aka sace ta ko ranar da za su sayar.

Biya kaɗan-kaɗan da haya

Wanda zai karɓi mota ko adaidaita sahu a tsarin biya kaɗan-kaɗan yakan kalli abin da zai riƙa bayarwa a mako ko a wata ne kawai. Abin dubawa shi ne jimilla: a ninka kuɗin wata da adadin watanni, a haɗa da kuɗin farko, a gwada da farashin kuɗi hannu. A rubuce a fayyace wa ke da alhakin gyara da inshora, me zai faru idan aka makara da biya sau ɗaya ko biyu, kuma idan aka ƙwace motar ina makomar abin da aka riga aka biya. Direbobin haya da yawa sun yi asarar biyan watanni a kan wannan gaɓar ta ƙarshe, don ba a rubuta ta ba. Mai neman abin hawa don sana'a ya yi lissafinsa da kwana 24 ko 25 na aiki a wata, domin akwai ranar gareji da ranar rashin lafiya.

Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da TAJ, inda a tsarin murabaha banki ke sayen motar ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, a tsarin ijara kuma motar na hannunka a matsayin haya. Su ma a nemi jimillar a rubuce, a tambayi kuɗin takaful, wato inshorar Musulunci, da na tsara takardu, a kuma tambayi ko ana rage wani abu idan mutum ya gama biya kafin wa'adi. Wanda kuwa buƙatarsa ta mota ba ta wuce tafiya biyu ko uku a wata ba, ya lissafa kuɗin shatar mota na shekara guda ya gwada da kuɗin mai da gyara da sabunta takardu kafin ya yanke shawarar saya.