Yadda zaka fitar da om da wat daga bolt da amfiya kafin ka jona waya

Jama'a wannan lissafin fa ba na 'yan jami'a bane kaɗai, duk mai sola a gida ko shagon cajin waya ko yaron da ke koyon wayarin ya kamata ace yana kansa, domin wallahi yawancin wayoyin wutar da nake gani sun narke ba komai ya jawo ba illa an jona kaya ba'a yi lissafi ba.

Ka ɗauki tankin ruwa na sama. Bolt shine ƙarfin da ke turo ruwan, amfiya yawan ruwan da ke wucewa a bututu, om kuma matsewar bututun, wato turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya. Wat shine aikin da wutar ke yi, haske ko zafi ko juya fanka. Wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da ƙa'idar a 1827 shi yasa ake kiran ma'aunin da sunansa.

Abu biyu kawai zaka riƙe: in kana son om, raba bolt da amfiya. In kana son wat, ninka bolt da amfiya. Shikenan.

Misali kana da ƙwan fitila na batir, ka auna kaga bolt 12, yana jan amfiya 0.5. Toh 12 ÷ 0.5 = om 24, sannan 12 × 0.5 = wat 6.

Yanzu mu koma wutar gida. Juya dutsen gugarka zakaga an rubuta misali 1000W da 230V a jikinsa, anan wat ka sani, sai ka juya lissafin: 1000 ÷ 230 ya baka amfiya 4.3 da ɗan wani abu, 230 ÷ 4.3 kuma om 53 kenan. Wannan 53 ɗin kusan baya canzawa don na ƙarfen da ke cikin dutsen ne. Ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi, kace ta sauka zuwa 160, sai ya zama 160 ÷ 53 = amfiya 3, 160 × 3 = wat 480. Kaga bai kai rabin zafinsa ba, kana ta goga shadda taƙi kwanciya ka ɗauka dutsen ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Haka fiyus ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku, mafi girma amfiya 13 ne, 13 × 230 kusan wat 3000. In ka tara hita da dutsen guga da risho na lantarki a soket ɗaya ka wuce nan, kuma don Allah in fiyus ya ƙone kar a ɗaure shi da silin waya, wannan ɗabi'ar tana ƙona gidaje.

Inda abin yafi damuna shine sola. Ƙanina ya buɗe shagon caji ya sayi infata mai bolt 12, wato na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida, wanda ya haɗa masa sai ya jawo wayar batir da irin siririyar wayar da ake jona ƙwan fitila. Na shiga shagon da la'asar naji ƙaurin roba, na kai hannu wayar tayi laushi kamar cingam, robar har ta fara manne wa katakon teburin. Kayan da ke kai duka wat 300 ne, shi a ganinsa ai ɗan kaɗan ne. A wutar gida eh kaɗan ne, amfiya 1.3. Amma a batir 300 ÷ 12 = amfiya 25, kusan ninki shida na abinda dutsen guga ke ja, ga kuma ɗan abinda infatar kanta ke ci.

Ita ma waya tana da nata om ɗin, zafin da take yi kuwa shine amfiya sau amfiya sau om. Kace wayar om 0.05 ce kacal, 25 × 25 × 0.05 ya haura wat 31 da ke tafiya a banza yana dafa roba. Da batir biyu ne aka jera suka bada bolt 24 da infatar da ta dace, amfiya zai dawo 12.5, zafin ya sauko ƙasa da wat 8. Mu dai a ranar waya mai kauri muka sa, muka matso da batir kusa da infata don ta gajarta.

Wajen awo kuma a kula sosai. Bolt ana auna shi ne ka ɗora tsinke biyun mitar awo ta hannu a ƙafafun batir ko na kayan. Amfiya kuwa sai ka cire waya ɗaya ka sa mitar a tsakani wutar ta bi ta cikinta, kuma ƙananan mitocin nan yawanci amfiya 10 ce iyakarsu. Kar ka kuskura ka bar mita a kan amfiya ka cusa ta a soket, nan take zata yi tartsatsi. In kana da mai baki wadda ake maƙalawa tafi sauƙi, amma waya ɗaya zaka kama, in ka haɗa biyun sifili zata nuna maka. Om kuwa sai an kashe wuta an zare kayan gaba ɗaya.

Firji da fanka da injin jan ruwa su nasu daban ne tunda motar lantarki ce mai juyawa a ciki, bolt sau amfiya zai baka lamba sama da wat na gaskiya, kuma lokacin tashi suna fizgar amfiya ninki da yawa na 'yan daƙiƙu, saboda haka in zaka saya musu infata ko janareta ka bar sarari mai yawa sama da abinda lissafi ya baka.