Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shigar da Kayan Gidan Tarihi Cikin Rumbun Bayanai

Yawancin ɓarna daga lambar shiga take farawa. Duk abin da gidan tarihi ya karɓa lamba ɗaya gare shi, kuma ba a sake ba wani abu ita ko da na farkon ya ɓace. Tsarin da aka fi bi kashi uku ne: shekara, rukunin karɓa, sai lambar abin. Wato 2019.14.3 shi ne abu na uku a rukuni na 14 da aka karɓa a 2019. Idan tukunya ce mai murfi, sai su zama 2019.14.3a da 2019.14.3b. Inda ake kuskure shi ne cusa wa lambar ma'ana, kamar harafin ɗakin ajiya ko na irin kayan. Ranar da aka sauya wa abin ɗaki, ko bincike ya nuna ba azurfa ba ce, lambar ta fara ƙarya. A kuma saita gurbin lambar a matsayin rubutu, don Excel kan mayar da 2019.10 ta koma 2019.1, sai rukuni na goma ya cakuɗe da na ɗaya ba wanda ya lura.

Sai barin kowa ya rubuta suna yadda ya ga dama. Wannan ya sa "tukunya", wancan "tukwane", wani "tukunyar yumɓu", mai nema kuwa kashi ɗaya kawai zai samu. Maganinsa jerin kalmomi da aka amince da su, a riƙa zaɓa daga ciki maimakon bugawa da hannu, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ƙara sabuwar kalma. Kundin kalmomin fasaha da gine-gine na cibiyar Getty ta Amurka, wato AAT, yana taimakawa. Sunan abu, abin da aka yi shi da shi, da wurin da ya fito, kowanne da gurbinsa.

Kwanan wata ma haka. 03/04/1962 Maris ne a wajen wani, Afrilu a wajen wani. Ƙa'idar rubuta kwanan wata ta duniya, ISO 8601, ta raba gardama: shekara, wata, sai rana, wato 1962-04-03. In ba a da tabbas, a rubuta "ƙarni na 19" a gurbin rubutu, a sa 1801 da 1900 a gurabe biyu na lamba domin bincike ya kama shi.

Wanda ya fi ciwo shi ne goge tsohon bayani. An ɗauke abu daga kanta ta 4 zuwa ɗakin gyara, sai ma'aikaci ya share tsohon wuri ya rubuta sabo. In abin ya ɓace, babu sawun da za a bi. Kowane motsi ya samu layinsa: rana, daga ina, zuwa ina, wa ya ɗauka, don me. Haka asalin abu: in an samu sabon bayani a ƙara shi tare da sunan wanda ya faɗa, kada a taɓa abin da ke cikin tsohuwar rajista. Hasashe kuma a rubuta cewa hasashe ne. Gurbin da aka bari fayau ba ya nuna ko an bincika an rasa ne ko ba a duba ba, don haka a rubuta "ba a sani ba".

Sunan hoto ya ɗauki lambar abin, kamar 2019_14_3_01, ba wanda kyamara ta ba shi ba. Ƙa'idar Object ID ta 1997, wadda ta tsara yadda ake bayyana kayan tarihi, ta nemi hoto, awo, rubutun da ke jiki da tabon da ya bambanta abin, domin da su ake gane kayan sata. Ajiyar rumbun ta zama kwafi uku, ɗaya a wajen ginin, a kuma riƙa gwada dawo da ita lokaci-lokaci don a tabbatar tana buɗewa.