Darasi na 9: Gani Biyu-Biyu da Idon da Ke Jan Gaba

Wani ɗan kabu-kabu a Sakkwato ya faɗi da babur, kansa ya bugu. Da ya warware, sai ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ɗaya bisa ɗaya, na biyun kuma a karkace. Sauka daga matakala ta zame masa wahala. In ya kwantar da kai wajen kafaɗar hagu, sai ganin ya daidaita. Mutane suka ce wuyansa ne ya sage, alhali tsokar idonsa na dama ce ta shanye.

Kowane ido tsoka 6 ke motsa shi, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Ban da sama da ƙasa, dama da hagu, ido yana ɗan murɗawa kamar sitiyarin mota, don kada duniya ta karkace in mun karkata kai. Tsokar da ke murɗa shi ciki ce ta shanye wa wannan bawan Allah. Ban da bugun kai, ciwon suga da hawan jini na jawo wannan. Irin na masu waɗannan cututtuka yakan warke cikin wata 3 zuwa 6.

Ku gwada wannan yanzu don ku gane idon da ke jan gaba, wato wanda kuka fi dogara da shi wajen kallo. Ku miƙa hannuwa, ku haɗa su ku bar 'yar kafa a tsakiya. Ku hangi wani abu mai nisa ta cikinta, kamar hasumiyar masallaci, ido biyu a buɗe. Ku rufe na hagu. In hasumiyar na nan, idonku na dama ke jan gaba. In ta ɓace, na hagu ne. Yawancin mutane na dama ne.

Wannan gwaji yana da amfani ƙwarai. Wani lokaci idon da ke jan gaba shi ne mai ciwon, amma mutum ya ci gaba da kallo da shi. Sai lafiyayyen ya kauce, a ga kamar shi ne ya yi harara-garke. Abin da ke damuna ke nan: 'yan uwa su yi ta ɗiga magani a idon da ba abin da ya same shi, kwanaki na wucewa. Likitan ido ne ke iya tantancewa. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Babba zai iya rufe ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta kafin ya ga likita, amma kada ya tuƙa abin hawa. Yaro kuwa kada a rufe masa sai da izinin likita. In fatar ido ta sauko, baƙin ido ya buɗe, ga ciwon kai mai tsanani, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Aikin gida: ku gwada mutum 3 a gidanku, ku rubuta "dama" ko "hagu" gaban sunan kowa.