Yadda ake noman rubab a cikin duhu irin na manoman Yorkshire

A yammacin Yorkshire da ke arewacin Ingila, tsakanin garuruwan Wakefield da Morley da Rothwell, akwai wani yanki da bai wuce murabba'in mil 9 ba, wanda ya shahara da noman rubab, wani tsiro mai jan kara da tsaminsa ya yi kusa da na yakuwa. Tsofaffin yankin tusky suke ce masa, kuma da yawansu suna tuna yadda suke dangwala ɗanyen karansa cikin sukari a ƙunshin takarda lokacin da suke yara. Duk wanda ke zaune a ƙasar sanyi kuma yake da ɗan fili a bayan gida zai iya bin hanyarsu, muddin yana da haƙuri, domin yawancin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a kai ga duhun da ake yawan ba da labarinsa.

Da farko a dasa saiwar a fili, a ƙasa mai riƙe danshi, a bar ta shekara 2 cur ba tare da an taɓa ko kara ɗaya ba. Nan ne masu gaggawa suke yin asara, domin a cikin waɗannan shekaru ne ganyen yake shan rana yana tara wa saiwar abinci, kuma wannan ajiyar ce kaɗai tsiron zai rayu da ita idan aka raba shi da haske. A wadata ta da taki sosai. Manoman Yorkshire sun daɗe suna amfani da abin da suke kira shoddy, wato tarkacen ulun da masaƙun yankin suke zubarwa, wanda yake ruɓewa sannu a hankali yana ciyar da ƙasa tsawon lokaci. Wanda bai samu wannan ba, ruɓaɓɓen takin dabbobi ya ishe shi.

Bayan haka sai a jira sanyi. Rubab ɗan asalin yankuna masu tsananin sanyi ne irin su Siberiya, kuma saiwarsa ba ta farkawa da ƙarfi sai sanyin da ke daskarar da ƙasa ya ratsa ta na makonni. Shi ya sa ba ya yin kyau a ƙasashe masu zafi. Idan sanyin ya wadata, wajen ƙarshen shekara, manoma sukan tono saiwoyin su jera su a dogayen rumfuna marasa taga, waɗanda a da ake ɗumama su da kwal ɗin yankin. Tun 1877 ake wannan sana'a a can. Mai noman gida ba ya buƙatar tono: ya kewaye gindin da busasshiyar ciyawa a watan Janairu, ya kifa masa babban bokiti ko doguwar tukunyar ƙasa, ya toshe kowace kafa, domin ko ɗan tsinken haske ya shiga sai karan ya yi kore, ya yi tauri, tsaminsa ya ƙaru.

A cikin duhun nan tsiron yana miƙewa da sauri yana neman hasken da ba zai samu ba, har a manyan rumfuna akan ji ƙarar fashewar tohonsa idan wuri ya yi tsit. Bayan mako 6 zuwa 8 za a tarar da kara mai launin ruwan hoda, mai taushi, da ɗan ganye rawaya a kansa. A Yorkshire har yau da hasken kyandir ake cirarsa, daga Janairu zuwa Maris, kuma a da jirgin ƙasa na musamman ne yake kwasarsa da dare zuwa kasuwannin Landan. A 2010 Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya, ta yadda wanda aka noma cikin duhu a wannan yanki da kewayensa ne kawai za a sayar da shi da sunan Yorkshire Forced Rhubarb.

Kada a sa wuƙa wajen cira, domin guntun da aka bari yakan ruɓe ya shafi saiwar. A zura yatsa har gindin karan, a ɗan murɗa, a fizgo shi gaba ɗaya. Ganyen kuma a yanke a zubar, kada a ci, kada a ba dabbobi, saboda yana da guba. Manoma sukan watsar da saiwar da ta fito daga rumfa domin ƙarfinta ya ƙare, amma ta gida tana farfaɗowa idan aka ɗauke bokitin, aka zuba mata taki, aka ƙyale ta aƙalla shekara 2 kafin a sake rufe ta.