Yadda ake kawar da bututun mai domin faɗaɗa tayoyin baya na tsohuwar Porsche 911

Duk wanda ya yi niyyar sanya wa tsohuwar Porsche 911 tayoyin baya masu faɗi, wato irin motocin da iska ke sanyaya injinsu, yakan tarar cewa gefen hagu ba ya ba da wahala sosai, matsalar tana gefen dama. Dalili kuwa shi ne wannan mota tana ajiye baƙin manta a cikin tanki na musamman da ke kusa da tayar baya ta dama, kuma a yawancin samfuran da suka fito har zuwa 1989 akwai tamostat, wato na'urar da ke buɗe wa mai hanya idan ya yi zafi, a cikin kogon tayar, wanda daga gare shi ne bututu biyu ke bin gefen motar zuwa na'urar sanyaya mai da ke gaba. Samfurin 1972 ya sha bamban, domin a wannan shekarar an matsar da tankin zuwa gaban tayar, sai aka mayar da shi baya a 1973, don haka a fara tabbatar da shekarar motar kafin a sayi komai.

Aikin farko shi ne awo. A ɗaura sabuwar tayar, a shafa alli a jikin bututun, sannan a sa jak a ƙarƙashin hannun da ke riƙe da tayar a ɗaga shi har ta shige cikin kogon kamar yadda take yi idan motar ta faɗa rami. Inda allin ya goge, nan ne tayar ke gogar bututun. Ya kamata a bar tazarar da ba ta gaza milimita 15 ba, saboda gefen taya yana lanƙwasawa idan aka sha kwana da gudu, abin da ba a gani sa'ad da mota ke tsaye. Sau da yawa sassauta maƙalai da tura bututun kaɗan zuwa jikin motar ya wadatar, kuma a ganina wanda ya samu haka ya tsaya a nan.

Idan kuwa dole ne a canja hanyar, a tsiyaye man tanki da na inji, sannan a fuskanci notocin tamostat, domin a nan ne ake yawan yin asara. Notocin na ƙarfe ne, tamostat ɗin kuwa na alminiyam, kuma bayan shekaru masu yawa na ruwa da laka sukan manne har su zama kamar abu guda. Wanda ya sa sifana mai lamba 36 ya murɗa da ƙarfin tsiya zai ga notin ya fito da ɓurɓushin alminiyam a cikinsa, ya cinye tiredin, wato layukan da noti ke bi idan ana ɗaure shi, gaba ɗaya. A jiƙa su da man warware tsatsa na kwana biyu ko uku, a riƙe ɗaya ɓangaren da sifana ta biyu, idan kuma suka ƙi, gara a tsaga notin a hankali da ƙaramin injin yanka, tunda dama za a sauya bututun.

Sabon bututun kada ya kasance ya fi na asali ƙanƙanta ta ciki, kuma kada a buga tsohon da guduma don ya baje, domin duk abin da ya matse hanyar mai zai ƙara wa injin zafi. Masu amfani da tiyo mai saƙar waya sukan zaɓi girman AN-16, wato lambar da ke nuna faɗin tiyon, tare da mahaɗin da ya dace da tiredin motar, mai faɗin milimita 30 (M30). A bi da shi ta can cikin kogon, nesa da salansa, ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba, a ɗaure shi da maƙalai masu roba, saboda saƙar wayar tana cin duk abin da ta goga kamar zarto.

Bayan an haɗa, a zuba mai, a tayar da injin har tamostat ya buɗe, wanda za a gane idan bututun da ke zuwa gaba suka ɗau zafi, sannan a duba yoyo a kowace mahaɗa. Ana auna man wannan mota ne injin yana aiki, ya yi zafi, motar kuma tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. A sake shafa alli, a ɗan zagaya da motar ta hanya mai kwana, a cire tayar a duba.