In an soki addini a waya, ga abin yi kafin ka tura wa kowa

Ni dai shagon caji gare ni a wani ƙauye nan gefen Gujungu, sola biyu da batir sai ɗan benci a ƙofa, to duk abin da zai shigo garinmu ta waya kusan a kan bencin nan yake fara sauka. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan don wallahi abin ya fara isata. Ba a kwana goma sai an kawo wani bidiyo ko hoton rubutu, wai wane ya zagi addini, wai an ƙona Alƙur'ani a ƙasa kaza, wai wata ta ce kaza a kan hijabi, kafin la'asar yara sun cika sun batse kowa na huci yana yau sai dai a yi wacce za a yi. Ni ba malami ba ne, allo na yi sai Islamiyyar dare, abin da na ji a bakin malamai da wanda idona ya gani shi zan faɗa.

Na farko dai ka riƙe ɗan yatsanka, kar ka tura. Na san da wuya, zuciya na tafasa kana so kowa ya ga abin da aka yi mana, amma tsaya ka ji yadda Facebook da TikTok suke aiki. Su ba ruwansu da tsinuwa ka yi ko yabo, lissafi kawai suke, mutum nawa suka kalla, nawa suka yi kwament, nawa suka tura gaba. Duk Allah ya isan da ka rubuta a ƙasan bidiyon ƙara masa mai ka yi, gobe sai su nuna shi ga wasu da ba su taɓa sanin da shi ba. Mutumin nan da ya ƙona Alƙur'ani a gaban masallaci a Stockholm ta ƙasar Suwidin ranar 28 ga Yuni 2023, ranar babbar salla fa ya zaɓa, kuma a gaban kyamarori ya yi, ka ga ai kasuwa yake nema. Mu kuma da hannunmu da datarmu muka kai masa hajarsa har ɗakin iyayenmu mata. Ranar nan ƙanin matata ya zo yana nuna min wani, na ce kai ɗan nan, shi mai zagin yana can bai san da ƙauyenmu ba, wa ya kawo zagin kunnen Inna in ba kai ba? Sai ya yi tsuru tsuru.

In ka iya riƙe yatsan, sai bincike. Ayar tana nan a Suratul Hujurati aya ta 6, in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika kar ku afka wa mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Kuma hadisin da ke cikin Muslim ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Binciken ba wani wahala ne da shi ba. Duba kwanan watan da aka fara sa abin, da yawa tsofaffi ne ake tono su. In hoton rubutu ne kar ka yarda da hoton, nemi shafin da kansa ka shiga, ka ga yaushe aka buɗe shi, su wa ke binsa, me ya saba rubutawa a baya. In hoto ne saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto ta Google, zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Murya ma yanzu ana haɗa ta da kwamfuta ka rantse mutumin ne.

Bari in ba ku wanda ya faru a gabana. Akwai wani kofa, wato mai bautar ƙasa, da aka turo mana makarantar sakandare, ɗan kudu ne Kirista, yana koyar da lissafi, a wajena yake caji kuma har ya iya cewa ina gajiya. Wata Juma'a bayan an sauko sai ga hoton rubutu yana yawo a guruf ɗin samarin gari, da sunansa da hotonsa, an rubuta wata ƙazamar magana da ba zan maimaita ba. Kafin ka ce kwabo yara sun fara taruwa a gindin darbejiya, har na ga wani da gora. Wayarsa kuwa tana kan teburina tun safe tana caji, lamba 14 na manna mata, kuma lokacin da aka ce ya yi rubutun tana hannuna a kashe. Na ɗauki tawa na nemo shafin, sai ga shi kwana uku da buɗewa, ba aboki ko ɗaya, hoton kuma wanda aka ɗauka ne ranar rabon sakamako. Da gudu na je wajen Baba Liman, shi kuma ya aika aka kira mai unguwa, mai unguwa ya sa aka shigo da yaron gidansa ya zaunar da shi a zaure ya ce duk mai son taɓa shi ya fara da ni. Baba Liman ya fito ya ce da yaran, ya ku 'ya'yana wa ya gani da idonsa a cikinku? Shiru. Daga baya ta fito wani ɗalibi ne da ya kama da satar amsa ya haɗa abin. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, don da a ce wayar nan tana aljihunsa ranar to sai dai wani labarin.

To a ce ka bincika gaskiya ne an faɗa. Nan kuma sai ka zauna ka rarrabe, don ba duk maganar da ta yi maka zafi ce zagin addini ba, kuma a nan muka fi tafka kuskure. Akwai mai tambaya, bai sani ba ne, ya ji an ce mace rabin gadon namiji take samu ya ce to me ya sa. Wannan amsa yake nema, in ka zage shi ka kore shi kuma ka tabbatar masa da abin da ake gaya masa a kanmu. Akwai kuma wanda mu ya soka, halinmu, ba addinin ba. In wani ya ce yara 'yan shekara bakwai na yawo da roba ba takalmi a titin Kano da sanyin asuba, ko ya ce muna sakin mata kamar canza riga mu bar su da 'ya'ya ba ko kwano ɗaya na gero, malam ina ƙaryar take? Musulunci ne ya ce a yi haka? Mu dai muka yi, sai in an faɗa mu ruga mu ɓuya a bayan addini mu ce an taɓa shi. Irin wannan amsarta ita ce eh akwai, addininmu bai ce haka ba ga abin da ya ce, sannan ka je ka duba naka ɗan da ka kai gabas yaushe rabonka da shi. Sai na ukun, mai zagi tsagwaronsa, wanda ba amsa yake so ba so yake ya ga ka haukace.

Na farko da na biyu ana amsa musu, amma da sharaɗi, ka san abin da za ka faɗa. In ba ka sani ba ka ce zan tambayo, ka kai wa malami, ba abin kunya ba ne. Kun san Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, wanda iyayenmu suka sha kallon kaset ɗinsa, muƙabalarsa da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986 har yau ana kallo, mutumin nan littafinsu ya zauna ya karance kafin ya buɗe baki. A gida ma muna da misali, lokacin da Shehu El-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar jihadi, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a rubuce ya mayar masa, hujja da hujja, har ya kawo wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri duk da kuwa akwai yaƙi a tsakani. Bai ɓoye sukar da aka yi musu ba.

Yadda za ka rubuta amsar kuwa, gajera, magana ɗaya tak, da hujjarta, ba uwarka ba ubanka, kuma kar ka taɓa abin bautarsa. Suratul An'ami aya ta 108 ta hana ƙarara, kar ku zagi abin da suke kira ba Allah ba sai su zagi Allah bisa zalunci ba da sani ba. Wato in ka zagi nasa ya rama a kan naka, kai ka jawo. Suratun Nahli 125 kuma ta ce da hikima da kyakkyawan wa'azi. Ka tuna ba shi kaɗai ke karantawa ba, akwai masu leƙe da yawa da ba sa cewa uffan, su kake yi wa magana a gaskiya. In ka amsa sau ɗaya sau biyu ka ga yana ta kewaye kewaye to ka yi sallama ka fita.

Na ukun fa? Wannan Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya riga ya nuna mana. Yahudawa suka shigo suka ce assamu alaikum, wato mutuwa a kanku, Nana A'isha ta gane ta mayar musu da tsinuwa, sai ya ce mata sannu sannu A'isha, Allah yana son tausasawa a kowane al'amari, ni ai na ce musu wa alaikum. Ƙuraishawa kuma da suka juya sunansa suna cewa Muzammamu, wato abin zargi, cewa ya yi ba ku mamakin yadda Allah ke kawar min da zaginsu ba, Muzammamu suke zagi ni kuwa Muhammadu ne. Duka suna cikin Bukhari. Suratun Nisa'i 140 ta ce in kun ji ana izgili da ayoyin Allah kar ku zauna tare da su har sai sun shiga wani zancen. A waya tashi daga zaman shi ne ka danna rifot, ka yi bulokin, ka wuce. In jikinka na rawa ajiye wayar ka je ka yi alwala.

Abin da ba na so a manta, maƙwabci. Zanen ɓatancin nan ga Annabi a Denmak aka buga shi a Satumba 2005, amma a Fabrairu 2006 Maiduguri ce ta ci wuta. Na jaridar Faransa a Janairu 2015, Damagaram nan bayan Maigatari aka ƙona coci coci har da asarar rai. Rikicin sarauniyar kyau na Nuwamba 2002 a Kaduna sama da mutum 200 suka mutu, Musulmi da Kirista, 'yar jaridar da rubutunta a kan gasar ya jawo rikicin kuwa ta bar ƙasar. To don Allah mai kemis ɗin da ke ba ka maganin zazzaɓin ɗanka bashi me ya haɗa shi da Denmak? Wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma Ma'ida aya ta 8 ta ce kar ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi adalci. Denmak ɗin ma da ta zo ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini a Disamba 2023, matsin lambar ƙasashen Musulmi da tsoron tsaronta ne suka sa. Ƙaurace wa kaya shi ma hanya ce ta lumana, an yi wa na Faransa a 2020, ko da yake mu a nan da muka duba kayan Faransa a gari kaf sai mataccen Peugeot ɗin wani Alhaji da kaji ke kwana a ciki.

In kuma a garinku abin ya faru, mutum ka san shi, to hanya a buɗe take. Liman, mai unguwa, dagaci, hakimi, 'yan sanda, kotu. Kano da Jigawa duk akwai kotunan shari'a, hukunci na alƙali ne bayan shaidu, ba na masu gora ba. Da aka kashe ɗalibar nan da aka zarga da ɓatanci a Sakkwato a Mayu 2022 fadar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da abin. Kar ka ɗauki lasifikar masallaci, kar ka sa hoton mutum ko kwatancen gidansa a guruf, kai tsaye wajen manya za ka nufa kuma kai kaɗai ko ku biyu.

In kai ne admin na guruf, goge abin nan take, ka bi wanda ya turo ta bayan fage ka yi masa magana a hankali don in ka kunyata shi a cikin jama'a zai ce kai ne mara kishi. Ni a shago doka na kafa tun abin kofan nan, duk wanda ya kunna irin bidiyon nan a kan bencina zan zare wayarsa in mayar masa da kuɗin cajinsa ya je wani wajen. Mutum biyu na yi wa haka, ɗaya ya yi sati ba ya gaishe ni, da kasuwar Gujungu ta zagayo wayarsa ta mutu ya dawo da kansa, lamba 9 na ba shi.